Kunnen da Ke Bin Sawun Oba-Oba

Duk wanda ya taɓa kunna rediyon sikana a wani babban birni na Amurka ya san wata ƙara da ake cin karo da ita daga wajajen megahaz 851 zuwa sama. Babu magana a cikinta, babu kiɗa. Gurnani ne kawai mai kaushi da ba ya yankewa dare da rana. A shekarun 1980 masu sauraro da yawa sun ɗauke shi hayaniyar banza, da zarar rediyo ta tsaya a kansa sai su danna maɓallin tsallakewa su yi gaba. Ashe duk abin da suke nema yana cikin gurnanin nan: wa zai yi magana, da wa zai yi, kuma a kan wace mita. Akwai mutanen da suka zauna suka koyi karanta shi, har suka koya wa 'yar rediyon hannu bin sa. Su nake son mai karatu ya sani, domin gwanintarsu ta daɗe tana burge ni.

Sikana rediyo ce mai kamawa kawai, ba ta aikawa. Aikinta ta riƙa zagaya jerin mitoci da sauri, ta tsaya inda ta ji murya, in muryar ta yi shiru ta ci gaba da zagaye. Sauraren 'yan sanda kuwa ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun 1928 'yan sandan birnin Detroit ke aika saƙo zuwa motocinsu ta rediyo, kuma a shekarun 1930 tashoshinsu suna daf da ƙarshen matsakaicin zango, inda akwatin rediyon falo ma kan kamo su. A 1938 wani mai ɗaukar hoto a New York, Arthur Fellig, wanda aka fi sani da Weegee, ya sami izinin sa rediyon 'yan sanda a motarsa, ya zamana sau da yawa yakan riga su isa inda abu ya faru, kyamara a hannu. Ita sikana sai a 1968 ta fito da sunan Bearcat, daga kamfanin Electra na jihar Indiana wanda Al Lovell ya kafa.

A lokacin sha'anin da sauƙi. Kowace hukuma da mitarta: 'yan sanda da tasu, 'yan kwana-kwana da tasu, motocin asibiti da tasu. Mai sikana ya je shago ya sayi ɗan ƙanƙanin kiristal na kowace mitar da yake so, ya buɗe bayan rediyo ya soke shi, shi ke nan. Daga tsakiyar shekarun 1970 ma aka huta da kiristal, sai dai a danna lamba. Akwai littafi mai suna Police Call da Gene Hughes ya riƙa fitarwa, ana sayar da shi a shagunan RadioShack, cike da mitocin gari-gari. Ka duba garinku, ka kwafa, ka kishingiɗa.

Abin da ya rushe wannan zaman lafiya shi ne cunkoso. Mitoci ba su da yawa, masu nema kuma kullum ƙaruwa suke yi. Ga kuma asara a fili: tashar ma'aikatan ruwa tana zaune shiru awa da awanni, alhali ta 'yan sanda ta cika har ana jiran layi. Maganin wannan ya daɗe a hannun masu tarho. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Erlang, da ke aiki da kamfanin tarho na Kofanhegan, ya nuna tun 1917 cewa layuka kaɗan kan ishi jama'a masu yawa muddin kowa zai iya hawa duk layin da ba kowa a kai, tunda ba lokaci ɗaya kowa ke magana ba. Da hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe zangon megahaz 800 a shekarun 1970, sai kamfanoni, Motorola a gaba, suka ɗauko wannan dabara suka ɗora a kan oba-oba. Shi ne tsarin karɓa-karɓa.

A ɗauka tashar mota ce. A da kowane gida da motarsa, ko ana tafiya ko ba a yi tana ajiye a ƙofar gida. Yanzu an tara motocin duka a tasha ɗaya, an sa ɗan kamasho a bakin ƙofa. Duk ayarin da ya tashi tafiya, ɗan kamasho ya dubi motar da ke kan layi ya ɗaga murya: mutanen gida kaza, ku shiga mota ta bakwai. Suna sauka motar ta koma layi, wani ayarin ya hau. Motocin su ne mitoci. Ayarin shi ne rukunin magana, wato jami'an da ke aiki tare, kuma kowane rukuni lamba gare shi maimakon mita. Ɗan kamashon kuwa shi ne gurnanin nan, tashar umarni, kwamfuta ce ke zuba saƙonni a cikinta ba hutawa.

Ga yadda abin ke faruwa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ɗan sanda a mota ya matsa maɓallin oba-obarsa. Kafin ya buɗe baki, rediyon ta riga ta aika ɗan gajeren saƙo: ni ce rediyo mai lamba kaza, ina son magana da rukuni kaza. Kwamfuta ta duba ta ga ko an yarda da wannan rediyo, ta nemo mitar da ba kowa, ta yi shela a tashar umarni. Duk rediyon da ke cikin wannan rukuni, ko ɗari ne a warwatse cikin gari, sai su yi tsalle tare su koma mitar. Ɗan sandan ya ji 'yar ƙara ɗil-ɗil-ɗil, alamar an ba shi hanya, sannan ya yi magana. Ya saki maɓalli, tsarin ya ɗan riƙe mitar ko za a ba da amsa nan take, in ba a ba da ba ya saki, kowa ya koma tashar umarni ya kasa kunne. Amsar da ta zo bayan daƙiƙa biyar tana iya fitowa a wata mitar dabam. Idan mitoci duk sun cika sai a shiga layi, amma wanda ya danna maɓallin neman agajin gaggawa shi ake fara ba wa.

Jami'in ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan, shi dai ya san ya yi magana an amsa. Mai tsohuwar sikana ne ya shiga uku. Zai ji an ce ana bin wata mota a guje ta nufi gada, sai shiru, sai kawai ga direban motar shara yana tambayar inda zai juye kaya, sai ga mai gyaran famfo. Ƙarshen labarin motar ya tafi wata mita, kafin ya lalubo ta an wuce wurin. Wasu suka haƙura suka jefa rediyonsu a durowa. Masu naci kuwa suka koyi bin murya da hannu, suna danna maɓalli suna tsallake duk muryar da ba ita ba, har su sake cafko ta. Wasu kuma suka farke rediyonsu, suka jawo waya daga cikinta zuwa kwamfuta, suka zauna suna kallon lambobin da gurnanin ke fitarwa suna gwada su da abin da kunnensu ke ji, har suka gane wace lamba ce ke nufin me. Babu kamfanin da ya miƙa musu littafin bayani. Kunne ne da haƙuri.

A 1997 kamfanin Uniden ya fitar da BC235XLT, sikana ta farko da ke sauraren tashar umarni da kanta ta bi rukuni duk inda aka tura shi, aka yi mata laƙabi da TrunkTracker. Mutum zai zaci daga nan gwaninta ta ƙare, inji ya karɓi aiki. Ina! Injin ba ya bin abin da ba a nuna masa ba, kuma tsarin ba iri ɗaya ba ne. A na Motorola, sau da yawa ya isa ka ba rediyo mitar tashar umarni, amma sai ka haɗa da mitocin da takan koma, domin takan yi ƙaura, kuma ranar da ta tashi daga inda ka san ta rediyonka ta kurumce. A tsarin EDACS, wanda ya fito daga kamfanin General Electric, sai ka jera mitocin bi da bi daidai yadda tsarin ya ƙidaya su. Ka musanya biyu kawai, a ce a tafi mita ta huɗu, rediyonka ta tafi ta biyar ta tarar da kango. Tsarin LTR na kamfanin E.F. Johnson shi ba shi ma da tashar umarni tsayayya, yana ɓoye umarninsa ne a ƙarƙashin murya inda kunne ba ya ji. Gwani kan gane irin tsarin da yake gabansa daga amon gurnanin kaɗai, kafin rediyo ta rubuta komai a fuskarta.

Inda na fi ganin kyan sana'ar shi ne wajen raɗa wa lambobi suna. Sikana tana da hali biyu: ko ta tsaya kan rukunonin da ka riga ka sa mata, ko ka sake ta ta kamo duk wanda ya yi motsi. Gwani yakan sake ta. Sai wata lamba baƙuwa ta bayyana, ba suna, ba bayani. Ya ɗauko littafinsa ya rubuta lambar da lokacin. Gobe ta sake fitowa, ƙarfe shida da rabi na safe, muryoyin mata da maza suna ambaton sunayen tituna. Da rana tsit, sai wajen ƙarfe uku ta farfaɗo. Asabar da Lahadi ko tari ba ta yi. Ranar da ƙanƙara ta rufe gari aka ba da hutu, ita ma ta yi hutu. To, ya gane: motocin ɗaukar 'yan makaranta ne. Wata lambar kuma ba ta fitowa sai an yi babbar gobara, kuma kullum bayan mai aike, wato mai tura jami'ai daga ofis, ya ce a koma tasha ta uku. Ya rubuta: tashar fagen gobara ta uku. Wata sai tsakar dare, gajerun kalmomi, lambobin ɗakuna da ƙofofi: gidan yari. Haka yake bi ɗaya bayan ɗaya, wani rukunin ya ɗauke shi kwana biyu, wani wata shida, har taswirar ma'aikatan gari duka ta fito a littafinsa.

Bai tsaya nan ba. Hukumomi kan raba lambobi a jere, don haka idan ya gane uku a cikin wani tsari yakan yi hasashen na huɗu tun kafin ya ji shi. A tsohon tsarin Motorola lambobin rukunoni suna tafiya ne da tazarar goma sha shida, kuma abin da ya hau kan lambar labari ne: in ta ƙaru da biyu, wani ya danna maɓallin gaggawa, in ta ƙaru da takwas, an kulle maganar. Kowace oba-oba ma tana da lambarta, saboda haka mai sauraro na ƙwarai yana sanin motar kwana-kwana ta unguwa kaza ce ta matsa maɓalli tun kafin direbanta ya ce uffan.

Wannan ilimi ba a ɓoye shi. Abin da dubban masu littafi irin wannan suka tara shi ne ya zama rumbun bayanai na RadioReference, wanda Lindsay Blanton ya kafa a ƙarshen shekarun 1990. Kowa ya kawo abin da ya tabbatar na garinsu, wasu su duba su gyara. A 2010 Uniden ta fitar da HomePatrol, sikana mai ɗauke da rumbun a cikinta, ka danna lambar gidan wayar unguwarku ta loda maka komai. Sabon shiga yana jin daɗin wannan sauƙi, sai dai ya kamata ya san cewa duk sunan da ya gani a fuskar rediyonsa, wani ne ya hana idonsa barci kafin ya samo shi.

Akwai wani sirri da ke rikita baƙi. Jihohi da dama sun gina tsari guda da ya rufe jihar baki ɗaya: MPSCS a Mishigan, MARCS a Ohayo, ARMER a Minesota, STARCOM21 a Ilinoi. Turakun watsawa birjik, kowane da tashar umarninsa. Sabon shiga sai ya sa rukunin 'yan sandan wani gari mai nisa ya zauna jira, ya ji shiru, ya ce rediyo ta lalace. Lafiyarta lau. Turke ba ya ɗaukar maganar rukuni sai in akwai wata oba-oba ta wannan rukunin da ta yi rajista a ƙarƙashinsa. Shi ya sa wata rana za ka ji maganar garin da ke da nisan kilomita ɗari biyu tangaram, na tsawon awa guda, sannan ta ɓace: wani jami'insu ne ya ratso yankinku da rediyonsa a kunne, ya jawo maganar ta biyo shi. Gwani in ya ji haka ba ya mamaki, ya san baƙo ya shigo gari.

Sai zamanin dijital ya zo. Tun 1989 ƙungiyar jami'an sadarwar tsaro ta APCO ta fara aikin fitar da ƙa'ida ɗaya da za ta sa rediyon kamfanoni daban-daban su ji juna, wadda ake kira P25. Harin 11 ga Satumba 2001 da guguwar Katrina ta 2005, inda hukumomi suka kasa magana da juna a lokacin da ake tsananin bukata, sun ƙara wa aikin ƙaimi da kuɗi. A P25 murya ba ta tafiya a matsayin murya, ana mayar da ita lambobi ne a sake gina ta a ɗaya ɓangaren. Tsohuwar sikana ba ta jin komai sai shuuu. Sikanoni masu fassara ta sun fito a farkon shekarun 2000, sannan mataki na biyu na P25 ya zo ya raba mita ɗaya gida biyu, hira biyu suna karɓa-karɓa a kanta cikin ƙiftawar ido, aka sake sabon lale.

Babban abin da ya fi wahalar da masu sauraro a wannan zamani shi ne watsawar bai-ɗaya. Domin magana ta ratsa gine-gine ta kai kowane lungu, sai a sa turaku da dama su watsa abu ɗaya a mita ɗaya a lokaci ɗaya, agogon tauraron GPS na daidaita su. Amma igiyar rediyo tana cin nisan mita ɗari uku ne a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, don haka saƙon turken da ke kusa yana riga na nesa isowa da ɗan ƙiris, su haɗu su cakuɗe. An ƙera oba-obar jami'ai ta jure wannan. Yawancin sikanoni ba a ƙera su haka ba. Sai ka ga alamar ƙarfin sigina ta cika maƙil, amma murya tana fitowa a kakkarye, ko ta ƙi fitowa sam. Sabon shiga sai ya ruga ya sayo doguwar eriya ya kafa a saman rufi, abin ya ƙara lalacewa, domin yanzu turaku biyar yake kamowa maimakon uku.

Gwani akasin haka yake yi. So yake rediyonsa ta kurumce ga kowane turke ban da guda ɗaya. Sai ya cire eriyar ya soka 'yar guntuwar waya a madadinta. Ko ya kunna abin rage ƙarfin sigina. Ko ya ɗauki rediyon ya riƙa yawo da ita cikin ɗaki a hankali, taku ɗaya ya tsaya ya saurara, ya kwantar da ita, ya tayar, ya kai ta bayan firiji inda ƙarfe zai tare turakun gabas ya bar na yamma. Tsawon igiyar wannan zango bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, saboda haka matsar da rediyo da faɗin tafin hannu kan iya raba kakkaryayyar murya da tangaram. In ya sami wurin sai ya yi masa alama, ya gargaɗi mutanen gida kada a taɓa. Wani kuma ya sayo eriya mai fuskantar gefe guda ya auna turke ɗaya da ita. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo yana lallaɓa akwatin rediyonsa da asuba, yana karkata eriya yana murɗa maɓalli kaɗan-kaɗan don ya kamo Landan ko Kolon a gajeren zango, ya san irin wannan natsuwar. Sai a 2018 Uniden ta fitar da SDS100 wadda aka gina musamman don wannan matsala, kuɗinta ya haura dala 600.

Masu ƙaramin ƙarfi ma ba a bar su a baya ba. Wajen 2012 wasu masu binciken na'urori suka gano cewa wani ɗan abin kallon talabijin da ake soka wa kwamfuta, mai ƙwaƙwalwar RTL2832U, yana iya zama rediyo mai kama zango mai faɗi. Kuɗinsa bai wuce dala talatin ba. Da shi da manhajoji irin su SDRTrunk, Unitrunker da OP25, waɗanda masu sha'awa suka rubuta suka bayar kyauta, mutum yana ganin tsarin gaba ɗaya a allon kwamfuta: kowace rediyo da ta yi rajista, kowace mita da aka bayar, kowane rukuni da ya motsa. Sikana hira ɗaya take bi a lokaci guda, kwamfuta kuwa tana iya naɗe su duka a saurara daga baya.

Duk da haka, kayan aiki rabin sana'ar ne. Sauran rabin yana kunne. Maganar oba-oba gajeriya ce, cike da lambobi da taƙaitattun kalmomi. Lambobin nan masu farawa da goma, waɗanda suka samo asali daga 'yan sandan jihar Ilinoi a ƙarshen shekarun 1930, ba ma'anarsu ɗaya ba a ko'ina: ban da irin su 10-4 da kowa ya sani, abin da lamba ke nufi a wannan gunduma yana iya bambanta da na maƙwabciyarta, shi ya sa bayan Katrina gwamnatin tarayya ta matsa a riƙa magana a fili idan hukumomi sun haɗu. Mai sauraro na shekaru ya san muryoyin masu aike ɗaya-ɗaya ko da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ya san wadda ba ta ɗaga murya ko gari na ci da wuta, don haka ranar da ya ji numfashinta ya canza sai ya ajiye abin da yake yi. Ya san shirun da ke biyo bayan an kira jami'i sau biyu bai amsa ba.

Ya kuma san abin da ya fi kowanne muhimmanci: abin da aka faɗa a rediyo ba shi ne abin da ya faru ba. Rahoton farko ne, daga bakin wanda ya buga waya a firgice. A ce an ji harbi, a je a tarar taya ce ta fashe. A ce mutum uku, ashe ɗaya ne. Tsofaffin hannu suna da ladubbansu. Ba ka zuwa wurin da abu ya faru ka tare wa masu ceto hanya. Ba ka yaɗa inda jami'ai suka yi kwanto. Ba ka fitar da sunan wanda ya rasu kafin a sanar da iyalinsa. Abin da ya faru a Boston a watan Afrilun 2013 ya nuna dalilin waɗannan ladubba. Lokacin farautar waɗanda suka tayar da bam a gasar gudun fanfalaki, dubun dubatar mutanen da ba su taɓa riƙe sikana ba suka shiga saurare ta intanet, suna watsa duk abin da suka ji ko suka zaci sun ji. Aka liƙa wa wani ɗalibi da ya ɓata laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba, aka jefa iyalinsa cikin baƙin ciki a kan wanda suke ciki. 'Yan sanda da kansu sai da suka roƙi jama'a su daina bayyana wuraren da ake bincike. Saurare ya zama da sauƙi, tarbiyyar saurare ba ta biyo shi ba.

Masu riƙe da tarbiyyar suna nan, kuma amfaninsu a bayyane yake. A ɗakunan labarai na jaridu da talabijin akwai teburin da sikanoni ke ta surutu a kai, da editan da ke rubutu yana waya amma kunnensa ɗaya na can, kalma guda ta isa ta sa ya tura ɗan rahoto. Akwai 'yan kwana-kwanan sa-kai, waɗanda su ne mafi yawan masu kashe gobara a Amurka, da masu bin sawun guguwa, da direbobin janwe, da mazauna dazukan Kalifoniya da ke son sanin inda wutar daji ta nufa tun kafin sanarwar hukuma ta iso.

Doka a Amurka ta ba su dama. Dokar sirrin sadarwa ta 1986 ta halatta sauraren rediyon hukumomin tsaro muddin a buɗe yake ga kowa, ta haramta fasa wanda aka kulle. Wasu jihohi, irin su New York, Fulorida, Indiana, Kentaki da Minesota, sun taƙaita yawo da sikana a mota, kuma amfani da ita wajen aikata laifi wani laifin ne na daban a wurare da yawa. Kada mai karatu ya ɗauka haka abin yake a ko'ina. A Ingila sauraren saƙon da ba kai aka yi wa ba, laifi ne, kuma rediyon 'yan sandansu, Airwave, a kulle yake tun shekarun 2000. Duk mai sha'awar wannan fanni ya fara da sanin dokar ƙasar da yake zaune.

Kullewar nan ita ce yanzu ke cin sana'ar a Amurka ma. Da zarar magana ta zama lambobi, rufe ta da mabuɗin sirri abu ne mai sauƙi, kuma mabuɗin AES mai ƙarfin 256 babu sikanar da ke buɗe shi, babu kuma mai sauraro na gari da ke ƙoƙarin yi. Birnin Denba ya kulle a 2019. Shikago ta fara a 2022, ta bar wa jama'a sauraro ta intanet bayan jinkirin minti talatin. New York ta fara da wasu ofisoshin Brooklyn a 2023. Mai sikana yana ganin lambar rukuni ta haska, yana ganin lambar oba-obar da ke magana, ya san motar wace unguwa ce, amma lasifika shiru.

Hujjojin hukumomi ba na wasa ba ne, kuma ban raina su ba. Ana karanta sunayen mutane da ranar haihuwarsu da cutar da ke damunsu a iska, kuma yau kowane ɓarawo mai wayar hannu yana iya saurare. Amma tsarin karɓa-karɓa da kansa ya kawo mafita, tunda kowane rukuni ana iya kulle shi ko a bar shi shi kaɗai. A kulle na masu farautar 'yan fashi da na masu binciken sirri, a kulle wanda ake karanta bayanan mutane a cikinsa, a bar tashar aike ta yau da kullum a buɗe. Ma'aikacin da aka ba bindiga da ikon kama mutane, da kuɗin harajin jama'a, ya fi kyau ya san cewa akwai kunnuwan da ke jin yadda yake aikinsa, kuma ana iya cewa mafi yawan abin da kunnuwan nan ke ji abin yabo ne: mutane suna rugawa zuwa inda kowa ke gudu daga gare shi. Komawa baya ma mai yiwuwa ne. Birnin Palo Alto na Kalifoniya ya kulle rediyon 'yan sandansa a 2021, 'yan jarida da mazauna gari suka yi ta ƙorafi, a 2022 aka sake buɗe shi.